A Falona Aka Rufe Ruwa

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da manoman tumatir na Bunkure suka naɗa ni kakakinsu ba. A da, in ana so gwamnati ta ji kukan talaka, dagaci ake samu ya kai wa hakimi, a dawo a zauna jira. Yanzu kowa da ƙungiyarsa: masu tumatir, masu shinkafa, masu injin casa, har 'yan babur. Ni kuwa da na yi shekaru ina yawon aiki a Sudan da Masar da Nijar, na dawo gida da Larabci da Faransanci da tabarau, sai na ɗauka babu wanda ya kai ni sanin yadda ake lanƙwasa gwamnati.

Maganar ba mai wuya ba ce. Duk shekara ana rufe babbar magudanar ruwa a yashe ta. Masu shinkafa da masu injin casa na Kura suna so a rufe da wuri a buɗe da wuri, su yi dashe. Masu tumatir suna roƙon ƙarin mako uku, don in aka ɗauke ruwa ana tsakiyar tsinka, tumatir a tsaye zai bushe. Shugabansu Malam Sabi'u gonarsa na can ƙarshen magudana, inda ruwa ke isa a gajiye. Ya zo har gida ya ce, "Baba Alhaji, kai ka ga duniya. Ka yi mana magana."

Kwana tara na yi ina rubuta takardar da zan karanta a taron da gwamnati ta kira kan rufe ruwan, mai shafi goma sha huɗu (har da yadda Misirawa ke rabon ruwan Nilu, abin da babu wanda ya tambaye ni).

Ana cikin haka aka ɗaura auren ɗana. Cikin baƙin walima akwai wani mai ba gwamna shawara kan noman rani, ƙanen abokin karatuna. Na kai shi falon ciki. Na ga bai dace babban mutum ya ci abinci shi kaɗai ba, sai na fita na jawo Alhaji Uba, shugaban masu injin casa, don shi ne mai babbar rigar da ta dace da kujeruna. Na haɗa su faranti ɗaya, na ja ƙofa.

Can sai ga Malam Sabi'u da mutanensa, waɗanda tun ana gobe biki suka aiko mini kwanduna biyu na tumatir gudummawa. Suka ce ko za su leƙa su gaida baƙo. Na tsaya a bakin ƙofa na ce manya na cin abinci, a bari sai ranar taro, can ake maganar gwamnati. Na ma ƙara musu da cewa a ƙasashen da suka ci gaba ba a haɗa biki da aiki.

Ranar taro a Kura na miƙe na karanta shafukan nan kaf, ban bar waƙafi ba. Na rufe da yin tir da masu bi ta bayan gida suna juya hukuma, ina faɗa ina kallon Alhaji Uba ta saman tabarau. Aka tafa. Mashawarcin ya ce tun da ya fara aiki bai taɓa jin takarda irin wannan ba, sai dai kash, an riga an sa hannu tun makon jiya, da wuri za a rufe ruwa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ina aka zauna aka yanke wannan? Ta bakin wa aka ji?"

Ya dube ni da mamaki. "Ai a falonka ne, Baba. Alhaji Uba ya yi mini bayani tsaf muna cin abinci. Na ɗauka don haka ka haɗa mu."

Alhaji Uba ya ɗago daga kujerarsa. "Allah ya saka da alheri, Alhaji. Shinkafar walimar ma ni na kai gudummawa."

Na zauna ina goge tabarau da ba su da datti.

A waje Malam Sabi'u bai ɗaga murya ba (da ya yi, da na fi samun sauƙi). Ya dai ce, "Baba Alhaji, miyar da suka ci tumatir ɗinmu ne. Tumatirin ya samu shiga, mu muka tsaya a ƙofa." Shekarar nan rabin gonarsa ɗanye ya tsinke, rabin ya bushe.

Abin da yawon duniya bai koya mini ba, falona ya koya mini: a zauren taro karanta hukunci kawai ake yi, wanda ya zauna kusa da faranti shi ya rubuta shi. Yanzu ƙungiyar tumatir ta ware mutum guda, aikinsa kawai zuwa biki da suna da gaisuwar mutuwa, kuma bara sun samu ƙarin mako biyu. Ba su sake neman takarda a wurina ba. Amma in ina da taro, Malam Sabi'u ne ke fara isowa, ya wuce falon ciki ba tare da ya tambaye ni ba, ni kuma ban sake jan ƙofar nan ba.