Fitila Bakwai, Batir Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka ɗaura auren abokina Hamisu a Gazara ba. Na yi ƙoƙarin mantawa, Allah ya sani na yi, sai dai abin ya faru ne a gaban mutanen ƙananan hukumomi uku, kuma har yau babu wanda ya yarda ya taya ni.

A lokacin ina koyar da kimiyya a wata ƙaramar sakandare a Ikara (kimiyya fa na ce, don ku san girman laifin), kuma ban daɗe da sayen babur ba. Na hannu ne, amma lafiyarsa ƙalau. Aibinsa ɗaya a idona shi ne ya yi kama da na kowa. In na ajiye shi a ƙofar masallaci, sai na leƙa lamba kafin in gane nawa.

Da hujja mai kyau na fara. Nakan je Janfalan gaida mahaifiyata, kuma in magariba ta riske ni a hanya, fitilar gaba ba ta nuna rami sai na riga na faɗa ciki. Don haka na je wurin Sabo Rewaya, mai gyaran wayar babur a bayan tasha, ya ɗaura mini fitilu biyu masu ƙarfi, ɗaya dama ɗaya hagu. Da a nan na tsaya, da yau ba ni da labarin ba ku. Amma bayan mako guda na koma da wata shuɗiya mai tsawo kamar igiya, aka zagaye ƙasan tanki da ita. Sai wasu ƙanana biyu masu ƙyaftawa. Sai koriya a ƙarƙashin kujera, wadda har yau ban san amfaninta ba. Sai wata fara a saman tayar gaba. Bakwai ke nan. Na ƙara da oda mai kiɗa da wurin cajin waya, don kada a ce na yi rowa.

Ranar da na kawo ta bakwai, Sabo ya ajiye filaya ya dube ni. Ya ce koyil ɗin babur ɗina, wato abin da ke samar da wuta in inji na juyawa, kamar tukunyar tuwon mutum biyar ce, ni kuwa na gayyato mutum goma sha biyu. Abin da koyil ya kasa bayarwa, a jikin batir za a ɗiba, kuma irin babur ɗina in batir ya ƙare, inji ma tsayawa yake yi. Na ce masa ni nake koyar da wutar lantarki a aji biyu. Ya ce to, Allah ya ƙara ilimi, amma ba zai bar ni in tafi ba sai ya sa mini mita.

Mitar ɗan ƙaramin gilashi ce mai nuna lambobi da jan haske. Ina ganinta na amince, domin a wurina fitila ce ta takwas. Sabo ya tsaya yana yi mini bayani dalla-dalla. Na tuna ya ambaci sha uku, ya ambaci sha biyu, ya ce “in ka ga ta sauka”, sannan ya faɗi abin da zan yi. Ni kuwa a lokacin na durƙusa ina ɗaukar babur hoto ta gefen da shuɗiyar ta fi fitowa. Na ce na gane. Ban gane komai ba. A hanyar gida sai na haɗa wa kaina bayani: mitar tana auna nauyin da aka ɗora wa batir ne, saboda haka in lamba ta sauka, nauyi ya ragu. Na ji daɗin wannan bayani ƙwarai, har na yi tunanin in kai shi aji.

(Akwai kuma maganar kik, na tayar da babur da ƙafa. Ƙarfensa ya faɗi a hanya tun makonni biyu kafin bikin, ban sayi wani ba. Mai danna sitata da ɗan yatsa me zai yi da kik?)

Ana gobe ɗaurin aure Hamisu ya kira ni. Ya ce ƙanin mahaifinsa, Baffa Ladan, shi ne wakilin ango, shi zai karɓa masa aure, kuma a Janfalan yake zaune. Motar da za ta ɗauko shi ta samu matsala. Ya roƙe ni in biya in ɗauko shi, in kai shi Gazara kafin ƙarfe sha ɗaya. Na ce ya kwantar da hankalinsa. Na ƙara da cewa su saurari shigowata, domin Gazara ba ta taɓa ganin irin abin da za ta gani ba. Wannan maganar, kaɗai a cikin duk abin da na faɗa a makon, ita ce ta zama gaskiya.

Na isa Janfalan da hantsi cikin farar shadda. Baffa Ladan dattijo ne siriri, mai furfura, mai magana a hankali kamar yana tsoron ya tashi wani daga barci. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi makaranta, ya tambayi mahaifiyata da ciwon ƙafarta. Sannan ya zagaya babur sau ɗaya, hannayensa a baya, ya ce, “Ikon Allah.” Na ɗauka yabo ne.

Muna barin gari na kunna komai. Rana ta ɗaga, ko'ina haske tar, amma ni sai da na danna makunni bakwai ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, na kuma maƙala wayata a caji. Duk ƙauyen da muka ratsa sai na saki odar kiɗa, mata masu shanyar barkono su ɗago kai. Don mu rage nisa sai na bar kwalta na bi burtali ta cikin gonakin rake, kuma saboda ina ɗauke da dattijo, tafiya nake a hankali, giya ta biyu. Ashe in inji na juyawa a hankali, wutar da koyil ke bayarwa ma raguwa take. Wannan kam yana cikin littafin aji biyu.

Can sai Baffa ya leƙo ta kafaɗata ya ce, “Malam, lambar nan da muka taso sha biyu da rabi take. Yanzu na ga sha ɗaya da ɗigo takwas.”

Na yi murmushi irin na malami ga ɗalibi mai ƙoƙari. Na ce masa ai haka ake so. Sannan na buɗe masa darasi. Na gaya masa wuta kamar ruwa take, na gaya masa batir kamar randa yake, na bayyana masa cewa in babur ya saba da kayan da aka ɗora masa, nauyin sai ya riƙa sauka da kansa, shi ne mita ke nunawa. Na ce kayan zamani ne, sai wanda ya karanta. Ya ce, “To.” Bayan ɗan lokaci ya sake cewa da dai na kashe biyun nan manya, tunda rana ta wadatar. Na ce Baffa ya bar mini wannan ɓangaren. Ya ce, “Kai ne direba.”

Sha ɗaya da ɗigo biyu. Goma da rabi. Ina kallon lambobin nan ina jin daɗi kamar mai kallon farashin taki yana sauka. Da na danna oda a wata mararraba, maimakon kiɗa sai ta yi wani kuka kamar akuya mai mura. Babur ya yi tari sau biyu, ya yi shiru, ya gangara da mu har gindin wata ɗorawa ya tsaya.

Na danna sitata, ta ce ƙyat. Na sake dannawa, fitilu duk a kunne, na sake, na sake, har jan hasken mitar ya dushe ya ɓace. Na kai ƙafa wurin kik, na taka iska. Sai na sanar da Baffa cewa fulogi ne. Na kwance fulogi, na hura, na goge shi da gefen rigata ba tare da na lura ba, na mayar. Na tura babur da gudu a cikin yashi na ɗare, tayar baya ta ja ƙasa, na sauko ta ɗaya gefen. Baffa dai yana zaune a saiwar ɗorawa yana jan carbi.

Sha ɗaya saura kwata Hamisu ya kira. Na ce ga mu nan, minti biyar. Sha ɗaya da minti goma ya sake kira, ya ce liman yana da wani ɗaurin auren a Nasarawan Doya, ya fara duba agogo, kuma dangin amarya da suka zo daga Kudan sun fara tambaya ko dangin ango sun fasa ne. Ya ce in akwai matsala in faɗa, a turo wani ya ɗauki Baffa. Nan ne ya kamata in faɗi gaskiya. Na ce, “Wace matsala? Ga hasumiyar masallacinku nan ina hange.” Rake nake hange, rake ta ko'ina.

Wani manomi ne ya zo wucewa da amalanken shanu cike da rake, zai kai Gazara. Baffa bai nemi shawarata ba. Ya miƙe, suka gaisa da mutumin, ya yi masa bayani a taƙaice. Ya zo ya kashe makunnan nan bakwai ɗaya bayan ɗaya, ya zare wayata daga caji ya miƙo mini, ya murɗa makulli ya kashe. Mu uku muka ciccibi babur muka kwantar da shi a kan rake. Baffa ya zauna gaba kusa da mai shanu, ni kuwa aka ce in hau baya in riƙe babur kada ya zame.

A bakin gari muka haɗu da samari kusan goma a kan babura, waɗanda Hamisu ya turo nemanmu da ya gaji da minti biyar ɗina. Suka ce Baffa ya sauko su ƙarasa da shi. Ya ce a'a, ya samu wurin zama mai daɗi, kuma saura kaɗan. Sai ’yan banzan nan suka jeru a bayanmu, biyu-biyu, suna danna oda. Haka muka shiga Gazara: shanu biyu a gaba suna tafiyar ƙasaita, ni a saman rake na rungume babur, farar shaddata duk baƙin mai, ayari na biye da mu. Jama'ar da ke zaune a tabarmi a ƙofar masallaci suka miƙe tsaye don su gani da kyau. Na hango Hamisu ya sa hula ya rufe fuskarsa, kafaɗunsa na rawa don dariya.

An ɗaura aure, alhamdu lillahi, liman na shafa fatiha ya kama hanya. Na so in sulale, amma mahaifin amarya ya kira ni cikin mutunci, ya ce sannu da wahala, me ya samu babur ɗin? Na ce fulogi ne.

Baffa ya gyara zama. Ya ce fulogi lafiyarsa lau. Ya ce shi dai yau ya ƙaru da ilimi, domin malam ya koya masa cewa in lambar batir tana sauka, alama ce ta samun sauƙi. Sannan ya maimaita darasina kaf, da ruwan, da randar, da “sai wanda ya karanta”, bai rage ko kalma ɗaya ba, kuma ko murmushi bai yi ba. Wani dattijo daga gefe ya kasa daurewa, ya tambaye ni ko na san wanda na ɗauko. Ya ce Ladan shekara talatin ya yi yana kula da injin wuta a wani kamfanin gurzar auduga a Zariya, kuma rabin masu gyaran waya a yankin nan a hannunsa suka koya. Har da Sabo.

Ban san ƙasa tana da tauri ba sai ranar, domin na roƙe ta ta tsage ta ƙi.

Baffa ya sa aka sauko da babur. Ya naɗe hannun riga, ya cire kujera, ya zare wayoyi uku ya naɗe bakinsu. Ya ce batir ya ɗan huta a kan rake, yanzu zai iya. Ya ce in hau in sa giya ta biyu, samari biyu suka tura ni a kan tsandauri, na saki kuloci, babur ya tashi tashi ɗaya. Mita ta haska, ta hau sha uku da wani abu. Baffa ya nuna ta da yatsa ya ce, “Wannan ita ce lafiya. In ta sauka ƙasa da sha biyu kana tafiya, ci ya fi samu, sai ka rage masu ci.” Aka yi tafi. Ban tabbata wa ake tafa wa ba, amma na san ba ni ba ne.

Da la'asar ni na mayar da shi Janfalan, domin ya ce ba zai hau na kowa ba sai nawa. Duk tsawon hanya idona na kan mita. Da ya sauka, ya sa mini albarka, ya ba ni sanda biyu na rake da mai amalanke ya ba shi, ya ce in kai wa ɗalibaina, su ma su san malaminsu ya yi tafiya.

Yanzu fitilu biyu kawai na bari, kuma ba na kunna su sai duhu ya buƙata. Ina duba mita kamar yadda ake duba fuskar suruki. Abin da na fi koya kuwa ba na lantarki ba ne: duk dattijon da na goya a babur, kafin in buɗe baki in koya masa wani abu, sai na fara tambayarsa cikin ladabi, “Baba, da can wane aiki kake yi?”