Yadda Za Ka Lanƙwasa Layin Dogo Biyu a Teburin Yanka Don Burge Suruki

Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, jiragenka biyu za su zagaya teburi, ɗaya a ciki ɗaya a waje, kuma surukinka zai san da zamanka a duniya. Babu tantama. An gwada su a kan wani tela, yana nan da ransa.

1. Ka ce ka iya

Kada ka jira a tambaye ka. Shi telan nan shekara tara ke nan yana auren 'yar wani tsohon direban jirgin ƙasa, kuma duk hirarsu ba ta wuce "Ya aiki?" da "Da godiya" ba. In tsohon zai ambace shi wajen 'yarsa, "wannan naki" yake cewa. Wata rana aka jawo kwali daga ƙarƙashin gadon tsohon, cike da ƙananan jiragen ƙasa masu aiki da lantarki. Tsohon ya ce ya daɗe yana son ganin biyu daga cikinsu suna gudu gefe da gefe, amma hannunsa ya fara rawa.

Tela ya ce, "Ai awo ne kawai, Baba. Awo kuwa sana'ata ce."

Tsohon ya dube shi har cikin ido, karo na farko. Ya ce, "Asabar zan zo."

Kai ma haka za ka yi. Ilimi yana iya biyo baya.

2. Nemo fili

Teburin cin abinci ba naka ba ne, kada ma ka fara. Tafi shago, kwashe yadin mutane daga teburin yanka. Faɗinsa inci arba'in da biyu. Riƙe wannan lamba.

3. Zana kwanar ciki

Kafa ƙusa kusa da kowane ƙarshen teburin, ɗaura mata zare, ɗaura alli a ɗaya bakin, ka ja rabin da'ira. Tsawon zaren shi ne girman kwanarka: gajeren zare, kwana mai matsi. Tela ya fara da inci goma sha biyar don ya adana fili. Dogon taragon fasinja ya shiga kwanar, ya ji abin bai yi masa ba, ya kwanta a gefe. A sha shida ma ya kwanta. Sai a sha takwas ya amince. Tarago ba mai kawo ɗinki ba ne da za ka lallashe shi da "zai saki in ka sa sau biyu."

4. Bar yatsa biyu

Kowane tela ya san yatsa biyu. Su ake bari tsakanin wuya da kwala, tsakanin ciki da wando, kuma ba su taɓa ba shi kunya ba. Saboda haka ya ƙara wa zaren inci biyu, ya ja kwanar waje a ashirin, ya shimfiɗa layin.

Yanzu gwada, amma a miƙaƙƙen wuri kaɗai. Jiragen za su gifta juna cikin mutunci. Mai hankali yana yin gwaji ne a inda ya san zai ci.

5. Kada ka saurari matarka

Za ta kawo maka abincin rana, ta tsaya riƙe da kwano tana kallo.

"Maigida, ka taɓa ganin doguwar mota tana shan kwana? Hancinta fita waje yake yi, cikinta ya shigo ciki."

"Wannan jirgi ne, ba mota ba."

"To. 'Yar direba dai ta faɗa. In ya huce kada ka ce ban kawo da zafi ba."

Jira ta fita kafin ka gwada a kwana. Hancin na ciki zai leƙo waje, cikin na waje ya kwanto ciki, ka ji ƙwas. Tarago ɗaya zai faɗa kwandon ƙyallaye. Ɗauko shi, ka dubi ƙofa.

6. Sake auna teburin

Inci ɗaya kawai kwanar waje take nema. Ashirin da ɗaya sau biyu, arba'in da biyu: rabin layin zai tsaya a iska. Ta ciki kuma ba ta raguwa. Tela ya auna teburin sau huɗu, har da jan tef ɗin nan da yake yi wa masu ƙiba don ya faranta musu rai. Katako ba ya shanye ciki.

7. Ɓoye abin da hannu

Kowane jirgi yana da abin murɗa masa gudu. Riƙe ɗaya a dama ɗaya a hagu, ka koyi haɗa su a miƙaƙƙen wuri kaɗai. Tela ya ɓata yini biyu a haka.

Asabar tsohon ya zo, ya zauna a kujerar masu jiran ɗinki, sanda tsakanin gwiwoyi. Zagaye goma lafiya lau. Gumi na bin bayan Tela.

"Me ya sa kake rage wa na ciki gudu duk sanda ya doshi kwana?"

"Saboda lafiyar fasinjoji, Baba."

"Sake shi."

Ya saki. A zagaye na uku suka gamu a kwana. Matar tana bakin ƙofa, sai ta sami abin kallo a rufin shago.

Tsohon ya ɗauki taragon, ya hure zaren da ya maƙale masa. "Inci nawa ka bari?"

"Biyu."

"Uku yake so."

"Teburin ba zai ɗauka ba, Baba."

"Na gani tun ina bakin ƙofa." Ya mayar da taragon kan layi, hannun na rawa, sai a karo na uku ƙafafun suka zauna. "Amma zagaye goma ka yi ba su haɗu ba. Na yi aiki da masu ba jirgi hannu da ba za su kai biyar ba. Matsa, Tela. Riƙe na waje, ni in riƙe na ciki."

8. Ka saba da durƙuso

Daga ranar, ƙarfe tara na safe za ka ji ƙarar sanda a bakin shago. Yanka zai koma ƙasa, gwiwa bibbiyu. Kana tsakiyar hannun riga za a ce, "Tela, taso, na waje ya doso kwana," ka ajiye almakashi ka taso.

Gargaɗi: mai wannan jagora ba ruwansa da ciwon gwiwa, ko ɗinkin da ya makara, ko dariyar da matarka za ta riƙa yi a ɓoye. In kuma wani maƙwabcin kafinta ya ce zai ƙara wa teburin katako inci huɗu a gyara kwanar gaba ɗaya, shawara taka ce. Shi dai Tela cewa ya yi a bari tukuna, zai yi tunani.