Ranar da Na Sa wa Kyanwa Bula

Ko na manta da komai, ba zan manta da wata Asabar a unguwar Limanti ba, ana gab da samun mulkin kai. Lokacin ni dubagari ne. Aikina in shiga gida gida in leƙa randa, in na ga datti ko tsutsa in sa a zubar da ruwan a gabana. Ba na dariya a bakin aiki. Kwarjini shi ne jarina.

Ina da wata farar kyanwa. Rannan maƙwabciyarmu Ya Falmata, wata tsohuwa mai baki, ta ce wa matata Yagana, "Mijinki yana duba gari, bai duba kyanwarsa ba. Ƙuma har cikin kunne." Maganar ta soke ni.

Na tuɓe, daga ni sai gajeren wando, na jera kayan aiki a tsakar gida.

Yagana ta ce, "Malam, kyanwa da harshenta take wanka."

Na ce, "Harshe ba sabulu ba ne. Komai da tsarinsa."

Na farko, na taje ta da matsefi. Na biyu, na cuɗa ta da sabulun salo. Na uku, ɗauraya. Na huɗu (a nan Shaiɗan ya shigo), na tuna duk farin abin da ake wankewa a gidana da bula ake ƙarasa shi. Da yake ban taɓa wanki da hannuna ba, sai na juye ƙullin bular gaba ɗaya a ruwa, na tsoma ta.

Na biyar shanya ce, amma ita ba ta san da na biyar ba. Ta yakushe ni, ta haye katanga, shuɗiya kamar daga marina. Sai na ji tsulum! Na kwasa da gudu na faɗa gidan Ya Falmata ko sallama babu. Ashe cike yake da mata, ana haɗa turaren wuta na bikin jikarta. Ga kyanwata tana fitowa daga randar ruwan sha, ta rufta da faifan.

Ya Falmata ta taso a hankali, ta goya hannu a baya, ta ɗaure fuska irin tawa, ta leƙa randar.

"Wushe, sannu da zuwa, dubagari. Wannan ruwan zai shawu?"

"A'a, Ya."

"To, me doka ta ce?"

Ni na zubar, ni na wanke randar, ni na yi sawu huɗu zuwa rijiya, mata suna rangaɗa mini guɗa. (Yagana tana cikinsu. Na gane muryarta.)

Ban bar aiki ba, amma wata guda cur duk gidan da na shiga na ɗaure fuska, sai wata ta ce, "Malam, ya mai jiki? Ta koɗe kuwa?"

Tsari abu ne mai kyau, har gobe ina kan bakana. Sai dai kafin ka jera na ɗaya zuwa na biyar, fara tambaya ko mai jikin ta yarda.