Ranar da Na Kwance Kekena

"Ni ba a koya min tsari," na ce wa matata, ina bugun ƙirji. "Muhimmi a gaba, tarkace a baya. Kwangilar nan kamar tana aljihuna."

Ta ce, "Allah Ya sa, maigida." Ko kai ba ta ɗago ba.

Abokina, ni tela ne. Wata makaranta ke neman mai ɗinka wa ɗalibanta riguna ɗari uku. Sharaɗi ɗaya: kowane tela ya kai rigar gwaji kafin ƙarfe huɗu. Riga guda fa! Aikin awa ɗaya.

Telan da ke maƙwabtaka da shagona, Shiru-shiru muke ce masa, yana buɗe ƙofa ya hau keken ɗinki. Na leƙa na ce, "Kai dai ba ka da tsari. Ana zuwa yaƙi ba a wasa takobi ba?"

Ya ce, "To."

Ni kuwa, gwanin gwanaye, na zauna na rubuta jerin ayyuka. Rubutun bai yi kyau ba, na sake. Na kai almakashi wajen mai washi, na tarar da layi, na tsaya ina yi wa jama'a lacca kan darajar lokaci. Na dawo na jera zare launi-launi.

Ƙarfe ɗaya na taka keke, sai na ji wani ɗan ƙis-ƙis. Na ce, "Haba! Rigar kwangila a kan keke mai tari?" Na kwance shi ɗai-ɗai, na ba shi mai, na mayar. Kusoshi uku suka rage a hannuna. Na taka, ya ƙi motsi. Na roƙe shi, na zage shi, ko gezau. Wallahi gumi har cikin takalmi, ga yadi ko yanka shi ban yi ba.

Huɗu saura kwata na ruga aron keken Shiru-shiru. Shago a kulle. Sai ga shi can yana tahowa, takardar kwangila a hannu.

Ya ce, "Yaya, aikin ya min yawa. Za ka riƙa sa min maɓalli?"

Na ce, "To."

Yau kwanana uku a shagonsa. Jiya matata ta ce, "Riga nawa ka gama?"

Na ce, "Ke, wa ke fara aiki haka kawai? Maɓallan nake jerawa tukuna."