Kiwon Ƙosau da Waƙi'ar Kogon Baƙin Ƙarfe

A fiƙe alƙalami, a dama tawada, a kori kaji daga tsakar gida, domin za a ambaci sunan da ba a ambatonsa cikin hayaniya. Wannan shi ne tarihin Tanimu ɗan Barau, ɗan Gagare, ɗan Alu Maiturke na Maigatari, zuriyar da ta shahara gabas da yamma wajen kiwon turka, wato ɗaure rago a turke a yi ta ɗura masa abinci har ya manta yadda ake gudu. Masu ruwaya sun ce kakansu Alu ya taɓa kiwata ragon da sai da aka rushe gefen zaure kafin ya fita. Gagare kuwa da ido kawai yake auna kitse, ba a taɓa jin ya kuskure ba. Barau ya gaje su duka biyu, ya ƙara da tsiwa. Daga wannan tsatso mai daraja aka sami gwarzonmu, bajimi ɗan bajimi, ma'abocin basira da hikima, fitilar layin bakin tasha, wanda ƙaddara ta hana shi mallakar ko da ɗan akuya, ta ba shi sana'ar wankin hula da waya mai tsagaggen gilashi.

Amma ba'adu. A zamanin da muke magana wata daula ta bayyana a cikin wayoyin jama'a, sunanta Daular Duwatsu Bakwai. Wasa ne na intanet, inda mai shayi kan zama barde, mai kanti ya zama boka mai jifa da tsawa, a haɗu runduna-runduna a fita farautar dodanni. Tanimu yana cikin Rundunar Bakin Tasha, mai kujeru goma ba ƙari, ƙarƙashin tutar yayarsa uwa ɗaya uba ɗaya, Yaya Hansai, malamar lissafi, sarauniyar jan biro, wadda ba ta san sani ba sabo idan aka zo maganar sakamako. Sau uku wannan runduna ta tunkari Dodon Kogon Baƙin Ƙarfe, sau uku dodon ya feso musu wuta suka dawo toka.

Bayan kaye na uku Yaya Hansai ta kafa doka. Kowane mayaƙi ya tafi Kasuwar Halittu da ke cikin wasan ya zaɓi dabbar rakiya, ya hore ta kwana arba'in. Ranar gamo na huɗu, duk wanda dabbarsa ba ta tsinana komai ba, a share sunansa, a ba Namadi mai facin taya kujerarsa. Shi Namadin nan rumfarsa tana manne da ta Tanimu, kuma wata shida ke nan yana roƙon a sa shi a runduna. Gaskiyar magana, Tanimu ya tsorata. A layin bakin tasha sunansa Mai Hula, a cikin runduna kaɗai ake ce masa Barde, kuma ya san idan Namadi ya hau kujerar nan zai sha dariya kowace safiya har ranar da ɗayansu zai tashi daga layin.

Ranar Talata da hantsi, bayan ya kife huluna sha biyu a kan katakansu suna shan rana, sadaukin ya goge hannu a riga ya shiga Kasuwar Halittu da shiga irin ta 'yan gado. Sauran mayaƙa sun riga sun yi zaɓen 'yan koyo. Wannan ya ɗauki maciji mai fukafukai, wancan damisa mai haƙoran ƙanƙara, ita Yaya Hansai mikiyar da ke tafe da walƙiya a ƙafafunta. Tanimu ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya taɓe baki. Macijin ba ƙugu. Damisar duk ƙashi ce. Mikiyar kuwa, in aka fige ta, ba za ta cika tukunyar mutum biyu ba.

Can ƙarshen kasuwa, inda ba mai zuwa, ya hango wata halitta mai ƙaho huɗu da gashi shuɗi, tana tsaye tana kallon duniya ba tare da wani ra'ayi ba. Ya ware yatsu biyu a kan gilashi ya matso da ita, ya duba haƙora, ya duba faɗin ƙirji, ya zagaya ta baya ya dubi gindin wutsiya, har ya sa babban yatsa ya danna gadon bayanta kamar yadda ya ga mahaifinsa yana yi a kara, wato kasuwar dabbobi. A gefe wasan ya rubuta ƙarfinta biyu, saurinta ɗaya, cin abincinta tara. Tanimu bai ga biyu ba, bai ga ɗaya ba, tara ɗin kawai ya gani.

Ya ce, "Wannan zai karɓi kiwo." Nan take ya raɗa masa suna Ƙosau.

Masu ƙirƙirar wasan, waɗanda a bayyane yake ba su taɓa kwana kusa da turke ba, sun tsara cewa a riƙa fita da dabba daji tana kokawa da ƙananan dodanni, ta haka ƙarfinta da saurinta za su hau. Tanimu ya karanta wannan bayani har ƙarshe, ya yi musu uzuri da jahilci. Wa ya taɓa sakin dabbar kiwo tana gantali? Yawo ai shi ke cinye kitse. Sai ya kafa turke a bayan bukkarsa ta cikin wasa, ya ɗaure Ƙosau a inuwa, ya ɗauki takobi ya fita shi kaɗai neman abinci.

Kai, alƙalami ya gaza, takarda ta yi kaɗan! Wa zai ƙididdige wahalhalun da wannan barde ya sha a kwanakin nan arba'in? Ya kutsa Dajin Ƙaya domin yankan ciyawar zinariya, kuraye masu ido uku suka yi masa dukan kawo wuƙa. Ya hau Dutsen Hayaƙi domin tsinko tuffar aljanu, ya faɗo sau goma sha ɗaya. Ya sayar da sulkensa ya sayi buhun hatsin wata, ya sayar da kwalkwalinsa ya sayi kwatarniyar ruwa, har ya zama shi kaɗai ne mayaƙi a faɗin Daular Duwatsu Bakwai da ke yawo da gajeren wando da lauje. Ya rubuta wa masu wasan wasiƙa ta ladabi yana tambayar dalilin da ya sa babu kanwa da dusa a kasuwarsu, ba su ba shi amsa ba. A duniyar zahiri kuma hular wani limami ta kwana biyu a cikin sitaci har ta iya tsayuwa da kanta.

Ƙosau kuwa bai ba da kunya ba. Ya ci, ya sha, ya kwanta, ya tashi ya ƙara. Wuyansa ya ɓace a mako na biyu, ƙafafunsa suka bi sahu a mako na huɗu. Ƙarfinsa yana nan a biyu, saurinsa ya sauko daga ɗaya zuwa rabi, amma ma'aunin nauyinsa ya cika ya tumbatsa har lambobin suka daina shiga gurbinsu. Kowace safiya, kafin ya jiƙa hula ko ɗaya, Tanimu kan buɗe waya ya shafa goshin dabbar da yatsa, ita kuma ta lumshe ido ta yi wata 'yar gurnani. Ya ƙaunaci halittar nan ƙauna ta gaskiya, irin wadda bai zaci zai yi wa abin da ke cin caji ba.

A rana ta talatin Yaya Hansai ta zagaya duba dabbobin runduna. Da ta iso bayan bukkar ƙaninta, sai saƙon muryarta ya shigo.

"Tanimu, mene ne wannan?"

"Ƙosau ke nan, Yaya. Ki duba bayan nan, ko Baba bai taɓa kai rago haka ba."

"Yaƙi na ce za mu, ba layya ba. Ka kwance shi ka kai shi daji yau ɗin nan."

"Haba Yaya, saura kwana goma in sake shi ya zube? Ai sai kakanninmu su juya a kabari."

"To, na gaya maka. Ko kai ne autan Inna, ranar Asabar ɗin gamo in bai yi komai ba, Namadi zai zauna."

Gwarzon ya yi kunnen uwar shegu, ya ƙara wa Ƙosau tuffa biyu.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Asabar ta zo, aka sallame la'asar, mayaƙa goma suka zauna kowa a inda yake, muryoyinsu na fitowa ta waya. Tanimu ya zauna a bencin rumfarsa tsakanin bokitin kumfa da jerin huluna. Namadi mai faci ya bar tayar da yake yi, ya zo ya tsaya a kansa da ƙarfen cire taya a hannu, yana murmushin magaji.

"Runduna, a faɗa masa!" in ji Yaya Hansai.

Ƙasa ta girgiza, sama ta yi duhu, kogon ya buɗe bakinsa, sai ga Dodon Baƙin Ƙarfe, uban halaka, mai numfashin maƙera, wanda tsayinsa ya fi ƙarfin gilashin waya sai an ja da yatsa kafin a ga kansa. Mikiya ta tashi da walƙiya, damisa ta daka tsalle, maciji ya buɗe fukafukai, takubba suka yi ta ƙara, masu suka yi ta shawagi, kururuwar mazaje ta cika kunne har wani mai tallan rake ya tsaya kallo. A duk wannan lokaci Ƙosau yana ƙofar kogo yana ƙoƙarin shigo da rabinsa na baya.

"Ƙosau, jikan turke, kai hari!" Tanimu ya yi kururuwa yana danna maɓallin hari da yatsu biyu.

Ƙosau ya shigo. Ya taka sau bakwai cikin natsuwa da ƙasaita, kamar attajiri zai shiga ɗaurin aure, ya isa tsakiyar fagen fama daidai gaban dodon, ya duba hagu, ya duba dama, bai ga kwatarniya ba, sai ya kwanta ya fara tuƙa.

Namadi ya yi dariya har ƙarfen ya faɗi daga hannunsa. Dodon ya feso wuta, mayaƙa uku suka faɗi. Ya sake fesowa, biyu suka bi su. Mikiyar Yaya Hansai ta ƙone a fiffike ɗaya. Gumi ya jiƙa rigar Tanimu, ya ga kujerarsa tana tafiya a gaban idonsa.

A ƙa'idar wasan, dodo kan kai cafka ga dabbar da ta fi kusa da shi, kuma wadda ya haɗiye ba ta dawowa har abada. Ba a cika ganin haka ba, domin duk dabbar da aka hora takan kauce. Dodon ya sunkuyo da kai, ya ga abin da bai taɓa gani ba tun da aka ƙirƙire shi, wato dabbar da ba ta kaucewa, ya tsaya cak. Ya buɗe baki iyakar buɗewa.

"Ƙosau, tashi! Don girman Allah tashi!"

Ƙosau ya ɗago kai ya dubi wajen da muryar ubangidansa take fitowa, ya lumshe ido, ya ci gaba da tuƙa. Dodon ya cafke shi.

Sai dai abin da aka kwana arba'in ana ginawa ba ya wucewa a loma ɗaya. Ƙosau ya tsaya a maƙogwaro, ba gaba ba baya. Idanun dodon suka firfito, ya yi yunƙurin feso wuta, sai ɗan hayaƙi ya fito ta kunnuwansa. Ya dafe wuya, ya yi tangaɗi, ya zube a ƙasa, rubutu ja ya bayyana a fuskar kowace waya cewa dodo ya shaƙe, ba zai motsa ba har daƙiƙa sittin.

"Ku sare shi! Ku sare shi kafin ya haɗiye!" Muryar Yaya Hansai har tana tsagewa.

Mayaƙan da suka rage suka far masa da sara da suka, har da Tanimu da laujensa. A daƙiƙa ta hamsin da takwas dodon ya yi wata irin haɗiya da ta girgiza kogon, a ta sittin ya fashe ya zama tartsatsi. Tambura suka kaɗa, tutar Rundunar Bakin Tasha ta hau kan dutse, mai shayin da ke cikin rundunar ya yi kabbara har aka jiyo shi daga ƙarshen layi. Namadi ya sunkuya ya ɗauki ƙarfensa, ya koma wajen tayarsa.

Tanimu bai yi murna ba. Ya bi fagen da yatsa lungu-lungu, babu ko silin gashi shuɗi. Idanunsa suka kawo ruwa, da mai rake ya tambaye shi lafiya, ya ce kumfa ce ta shiga masa ido.

Sai wayar ta yi ƙara. Yaya Hansai ce.

"Barde, kujerarka tana nan. Kai ka ci mana yaƙin nan."

"Na gode, Yaya," ya ce da muryar da ta dushe. "Amma ya tafi. Ko sallama ba mu yi ba."

"Allah ya ba ka haƙuri. Kwana nawa ka ce ka ɗauka kafin ya kai haka?"

"Arba'in."

"To, wannan karon ka yi a talatin. Kuma ka kafa turke biyu, don na duba dodon gaba, kai biyu gare shi."