Tandar Inna da dalmata

Ba zan taɓa mantawa da watan da aka sallame mu daga wata masana'anta a Sharaɗa ba, domin a cikinsa na yi wautar da har yau take hana ni haɗa ido da mahaifiyata idan ana zancen waina.

Zaman banza ne ya ishe ni. Na ji masuntan Challawa suna sayen dalma, suna ɗaura wa bakin komarsu don ta nutse, sai na tattaro ɓaraguzan dalma a wajen 'yan jari-bola. Saura wutar narkarwa. Wutar lantarki babu, rishonmu ya mutu, matata kuma ta tsaya a gaban tukunyar gas ta ce sai dai in bi ta kanta (Allah ya saka mata, ita kaɗai ce mai hankali a gidan).

Sai idona ya faɗa kan murhun gawayin Inna, mahaifiyata. Shekara da shekaru tana suyar waina a ƙofar gida, ma'aikata suna saye kafin su shiga aiki. Ta tafi barkar suna a Ɗorayi. Na hura gawayi, na narka dalmar a gwangwani, sannan na ga tandarta ta ƙasa, wadda ta gada daga kakarmu, da ramukanta kamar don ni aka yi su. Na tsiyaya a ciki. Dalma ta fito sumul, ni kuwa har da murmushin injiniya. Na wanke tandar da sabulu na mayar inda take.

Washegari da safe layi ya haɗu, Inna ta fara zuba ƙulli. Malam Habu, tsohon shugabanmu a wurin aiki, ya leƙa tandar, ya ga wani abu yana ƙyalli a gefen rami.

"Inna, ku dakata. Wa ya sa dalma a nan? Guba ce fa, ta shiga tandar ƙasa ba ta fita."

Kowa ya juyo ya kalle ni, ga yatsana naɗe da tsumma inda na ƙone. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Da zagina ta yi, da na ji sauƙi. Sai kawai ta kwashe wainar farko ta zubar, ta ba mutane haƙuri ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta shafa tandar, ta ɗauko taɓarya.

Na ce, "Inna, a ajiye ta mana, ko don tunawa."

Ta ce, "In na mutu wata ta ɗauka ta soya wa 'ya'yan mutane?"

Sau biyu ta daka, tandar ta farfashe. Na saya mata ta ƙarfe, wainar tana kamawa, wasu masu sayen suka koma wani wuri. Abin da na koya shi ne, kafin mutum ya tambayi wace wuta ce za ta narka dalma, ya fara tambayar murhun waye.