Makullin Malama Zara a Aljihuna

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na zaro disket, ɗan faifan nan na kwamfuta, daga aljihun gaban rigata ba, a nannaɗe cikin hankici mai ƙamshin turare, a gaban duk mutanen ofishinmu. Amma bari in faro daga tushe, don kada ku ɗauka wautar tawa ba ta da dalili.

A ƙarshen shekarun casa'in wani foroje, wato shirin taimako mai haƙa wa makiyaya rijiyoyi, ya ɗauke ni aiki a Gure. Ni ne mai kula da ordinatar, wato kwamfuta, ƙwaya ɗaya tal da muke da ita. Daga Damagaram na zo, ba mata, ba dangi, ba aboki. Da an tashi aiki kowa sai ya nufi iyalinsa, wasu kuma su hau mota zuwa Kelle ko Bune su yi kwanaki. Ni kuwa in sayo shinkafa da wake in dawo ofis in ci ni kaɗai, ina sauraron kukan da na'urar ke yi in tana neman layin Yamai. (Ku yarda da ni, idan kaɗaici ya yi wa mutum yawa, har wannan ƙarar sai ya riƙa jin ta kamar sallama.)

Turawan da ke da forojen suka ce duk rahoton da za a aika ta imel sai an kulle shi, an kuma sa masa hannu. Aka kai mu Yamai a koya mana. Ga sanyin ɗaki, ga malamin yana zuba Faransanci ba birki, sai gyangyaɗi ya kwashe ni. Abin da na farka na ji kawai shi ne: "Makullinka kada ka ba kowa, ko da uwarka ce." Abin da ya wuce ni ina barci kuwa, ashe makullan biyu ne. Ɗaya na jama'a, shi ake ce wa satifika, ana raba wa kowa don ya kulle maka saƙo da shi. Ɗayan na sirri, da shi kake buɗewa, shi ne ba a bayarwa.

Ina komawa Gure sai ga saƙo daga Malama Zara, mai kula da na'urori a babban ofishinmu na Yamai, wadda ita ake aika wa rahotanni. Layi biyu ne: "Ga makullina, ka adana shi. Yaya zafin Gure?"

Jama'a, sai da na tashi na zaga tebur. Mahaifina ɗan kasuwa ne, kuma har na bar gida bai taɓa damƙa mini makullin shagonsa ba, ko da masallaci zai je. Yau ga mace mai ilimi, daga babban birni, ta ba ni abin da ko uwa ba a ba wa. Har da tambayar zafi! Tun zuwana garin ba wanda ya tambaye ni yadda nake ji da komai. Na ji daɗi har na rasa inda zan sa kaina. Kuma da yake an yi mini tarbiyya, ba a ba ka kyauta ka yi shiru, nan take na tattara nawa makullin, duk abin da na'urar ta ce akwai, na aika mata tukuici.

Sai kuma kishi ya biyo baya. Ordinatar ta kowa ce, shugabanmu Shef Malam Gaji yana zama a kanta. Ta yaya zan bar amanar baiwar Allah a fili cikin jerin adireshi? Na kwafe satifikar a disket, na goge ta daga na'ura. Duk ranar aika rahoto in saka, in kulle saƙo, in aika, in sake gogewa, in mayar da disket aljihu. (Turaren kuma ba zan iya yi muku bayaninsa ba, ni ma har yau ban gane ba.)

Da Sallah ta zo na tafi Damagaram, makulli na aljihuna. A bayana Shef ya zauna zai aika babban rahoton rijiyoyin Alakos, na'ura ta ce ba ta da satifikar Zara, ba za ta kulle ba. Ya yi, ya yi, ta ƙi. Rahoto ya makara, Yamai ta yi ta faɗa ta talho, a ƙarshe aka turo Malama Zara da kanta ta duba mashin.

Ranar da ta iso ni ma na dawo daga hutu, na sa rigar Sallata. Ta zauna gaban ordinatar, Shef da direba da masu aikin daji duk suna tsaye a kanta. Ba ta jima ba ta ɗago.

"Mashin lafiyarsa ƙalau. Wani ne ya goge satifikata. Wane ne?"

Na matso ina murmushi, na warware hankicin a hankali. "Malama, kwantar da hankalinki. Tun ranar da kika ba ni amanar nan, ba idon da ya gan ta. Da ita nake kwana, da ita nake tashi."

Ta dubi disket, ta dube ni.

"Haba ƙanena! Wannan ai na jama'a ne. Mutanenmu na Difa suna da shi, na Tawa suna da shi, har mai gyara mana firinta na ba shi."

Direba ne ya fara fashewa da dariya, ya fita waje yana dafe da ciki. Shef ya cire hula ya mayar. Ni kuwa bakina, wanda bai san lokacin yin shiru ba, ya ce: "To, nawa da na aiko miki fa?"

"Af, kai ne? Har da na sirrin ka haɗo. Na ce wani ne ya yi kuskure, na goge a take. Yanzu ma sai mun yi maka sabo."

Wallahi dariyar ba ta yi mini zafi kamar wannan "kai ne?" ba. Watanni ina hira da ita a zuciyata, ashe ko sunana ba ta riƙe ba. Ta mayar da satifikar cikin jerin adireshi, ta nuna mini yadda ake yi cikin haƙuri, ta hau mota bayan azahar. Da yamma na sayo shinkafa da wakena na dawo ofis kamar kullum, sai dai ranar ban kunna na'urar ba.

Har na bar Gure "Mai Amana" ake kirana. Darasin da na koya kuwa: kada ka yi barci a aji, kuma kafin ka sa wa abu turare ka ɓoye a ƙirji, ka fara tambaya ko mai gyaran firinta ma yana da irinsa. Disket ɗin dai yana nan a akwatina. Yanzu babu na'urar da ke karanta shi, to a ƙarshe dai ya zama nawa ni kaɗai.